Kibod, Birel ko Murya: Me Ya Kamata Makaho Ya Saya Don Sarrafa Kwamfuta a Jos?

Duk lokacin da aka fara rajistar sababbin ɗalibai a Jami'ar Jos, wayata ba ta hutawa. Wani yaya ne ya tara kuɗi zai saya wa ƙanwarsa makauniya kayan karatu. Wata uwa ce dangi suka yi mata karo-karo. Wani kuma magidanci ne da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa da girmansa, yana son komawa bakin aiki. Tambayar tasu ɗaya ce: an sami kwamfuta, an saka mata manhajar da ke karanta abin da ke kan allo, to da me za a riƙa ba ta umarni? Kibod ɗin jikin laftof ya isa, ko sai an sayi na daban? Na'urar birel, wato rubutun makafi na ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa, da ake ta yabo fa? Ko a bar duk wannan wahala a riƙa yi mata magana da baki?

Ni ma da kunne da yatsa nake aiki da kwamfuta, kuma na taɓa zubar da kuɗi a kan abin da bai amfane ni ba. Mai gani yana jan linzami ya nuna abu ya danna. Mu ba ma nunawa, kiran abu muke yi da maɓalli, manhaja ta amsa mana a kunne. Saboda haka abin da mai shago a kasuwar Terminus ko titin Ahmadu Bello zai yaba maka, wato fitilu masu launi da sirantaka da ƙyalli, ba shi ne ma'auninmu ba. Shi da ido yake sayarwa, kai da hannu za ka yi aiki.

Abin da za ka auna kafin ka ciro kuɗi

Na farko, maɓallin da manhajarka ta dogara da shi. NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006 kuma ake saukewa kyauta, tana amfani da Insert ko Caps Lock a matsayin mabuɗin umarninta. JAWS na kamfanin Freedom Scientific, wanda ake saya da kuɗi, shi ma haka, Narrator da ke zuwa cikin Windows ma haka. Insert da T zai gaya maka sunan tagar da kake ciki, Insert da F12 ya faɗa maka lokaci, Insert da F7 ya jero maka mahaɗan da ke shafin intanet. A yini ɗaya za ka taɓa wannan maɓalli ba adadi. Kibod ɗin da ya ɓoye Insert a ƙarƙashin Fn, maɓallin da ake riƙewa don wani maɓalli ya yi aikinsa na biyu, ya ƙara maka yatsa ɗaya a kowane umarni.

Na biyu, gidan lambobi na gefen dama. Ga mai gani wurin buga lissafi ne kawai. A tsarin tebur na NVDA kuwa, wato na cikakken kibod irin na kwamfutar kan tebur, idan aka kashe Num Lock, nan ne wurin bitar rubutu: 7 da 8 da 9 layin baya da na yanzu da na gaba, 4 da 5 da 6 kalma, 1 da 2 da 3 harafi. Hannu ɗaya, yatsa ɗaya. A tsarin laftof, abin da lamba 8 kaɗai ke yi sai ka haɗa maɓallai uku: na NVDA da Shift da na ɗigon aya. Ana sabawa, ban ce ba a sabawa ba, amma bambancin a bayyane yake ga wanda ke gyara dogon rubutu.

Na uku, ko yatsa zai gane inda yake ba tare da lalube ba. A cikakken kibod mai maɓallai 104 ko 105, F1 zuwa F12 an raba su huɗu-huɗu da rata a tsakani. Kibau huɗu suna ware su kaɗai, uku a ƙasa ɗaya a sama. Insert da Delete da Home da End da Page Up da Page Down suna gungu guda na shida. Akwai ɗan tudu a kan F da J da lamba 5 ta gefe. Waɗannan ratoci da tudu su ne alamun hanyarmu, kamar yadda mai sanda yake gane kwana da bakin kwalbati.

Na huɗu, kuma wanda mutane suka fi mantawa: shin na'urar tana buƙatar ido kafin ta yi aiki? Duk abin da yake sanar da halinsa da ƙiftawar fitila kaɗai, ko ya haɗu ko bai haɗu ba, ko batir ya kusa ƙarewa, ya mayar da kai mai jiran wani. An sayi kwamfutar ne don a rage "zo ka duba mini".

Na biyar namu ne na gida. Windows yana da tsarin kibod na Hausa, inda Alt na hannun dama tare da b ko d ko k yake ba da ɓ da ɗ da ƙ. In kana rubuta Hausa, duba ka tabbata Alt na dama yana nan kuma yatsa na kaiwa gare shi cikin sauƙi.

Sai ƙura da wuta da gyara. Wanda ya yi hunturu a Jos ya san abin da hazon Disamba da Janairu yake yi wa duk abin da ke da rami. Wuta kuma ba kullum ba. Farashi zan faɗe shi da dala, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin da aka faɗa da naira yau ba lallai ya kai wata mai zuwa ba.

Kibod ɗin jikin laftof

Shi ne wanda ka riga ka biya kuɗinsa, kuma duk inda ka je yana tare da kai. Ga ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin harabar titin Bauchi da ta Naraguta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka zaɓi tsarin laftof a NVDA, ka mai da Caps Lock maɓallin manhaja, aiki ya kama.

Matsalar ita ce kowane kamfani da irin nasa shirmen. Wasu sun matse kibiyar sama da ta ƙasa suka zama rabi-rabi. Wasu sun saka maɓallin kashe kwamfuta a jere ɗaya da Delete, ka je goge harafi ka sa na'ura barci. Da yawa suna zuwa da F1 zuwa F12 a matsayin na ƙara sauti da hasken allo, ta yadda Insert da F7 ba zai yi komai ba sai ka haɗa da Fn. A yawancin Dell da Lenovo, Fn da Esc yana juya wannan. A wasu samfuran HP kuwa sai an shiga BIOS, saitin da ke buɗewa kafin Windows ya tashi, can inda babu manhajar da ke magana, dole mai gani ya taimaka sau ɗaya. Ka sa a yi maka wannan tun a shago. Sababbin laftof daga 2024 kuma sun fara zuwa da maɓallin Copilot a wurin da a da ake samun Ctrl na dama ko maɓallin menu; Shift da F10 yana buɗe menu ɗin, amma dai an ɗauke maka abu. Idan MacBook na hannu ake tallata maka, ka shafa saman kibod ɗin: samfuran Pro da Apple ya fara fitarwa a 2016 sun maye gurbin jerin F da wani siririn gilashi da ake taɓawa, wanda yatsa ba ya jin komai a kansa.

Akwai wata 'yar dariya game da laftof ɗin tokumbo. Wanda ya fito daga Jamus an musanya masa Y da Z, na Faransa kuma da A yake farawa maimakon Q. Masu gani suna gudunsu, har a rage musu kuɗi. Kai ba ruwanka da abin da aka zana a kan maɓalli, tsarin da aka zaɓa a cikin Windows shi ne ke aiki. Abin lura kawai shi ne siffa: na Turai Enter ɗinsa dogo ne mai lanƙwasa, Shift na hagu gajere, na Amurka Enter a kwance yake. Idan kuma @ da alamar zance suka musanya wuri, tsarin Ingila ne aka saka maimakon na Amurka, gyaran minti ɗaya ne.

Wajen ƙarko shi ne mafi rauni. Maɓalli ɗaya ya ɓalle ko shayi ya zube, sai a buɗe kwamfutar gaba ɗaya, kana zaune kwana biyu ko uku babu ita.

Cikakken kibod mai igiya

Ba ni da wani ɓoye-ɓoye, wannan nake fara ba kowa shawara. Irin Logitech K120 ko waɗanda ke zuwa da kwamfutocin ofis na Dell da HP, kuɗinsu bai fi dala 10 zuwa 20 ba, na hannu ma ƙasa da haka. Ka soka a USB ya fara aiki, babu batir, babu haɗawa, babu fitilar da za a duba maka. Duk abin da na lissafa a sama yana da shi: Insert guda biyu ma, ɗaya a gungun shida, ɗaya shi ne sifilin gidan lambobi, wanda babban yatsa ke hawa ba wahala. Yana aiki tun kafin Windows ya tashi. In ƙura ta shiga, ka kifa shi ka bubbuga, ka bi shi da busasshen burushi. In ya mutu, ka sayi wani da yamma.

Aibinsa biyu ne. Ba ya shiga ƙaramar jaka, kuma masu arha sosai suna da wata cuta da ba a ganewa sai an gwada: ba sa karɓar maɓallai da yawa a lokaci guda. Wannan ya shafi ɗaliban sashen ilimi na musamman da malaman da ke shirya birel a kwamfuta, domin manhaja irin Perky Duck ta kamfanin Duxbury tana mai da S, D, F da J, K, L su zama ɗigo shida na birel, ana danna su tare. Kibod da yawa suna haɗiye ɗaya ko biyu daga ciki. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe Notepad, danna shidan lokaci ɗaya, ka saurara ko duka sun fito.

Ga mai laftof da ba ya son ɗaukar babban kibod, akwai gidan lambobi na daban da ake sokawa a USB, girman tafin hannu. Yana da arha, amma ka gwada shi da NVDA kafin ka biya, saboda wasunsu suna sarrafa Num Lock ta hanyarsu, manhaja ta kasa gane su.

Ƙaramin kibod na Bluetooth

A nan ne na yi asara. Na taɓa sayen wani siriri a wani shago saboda sauƙin ɗauka, na dawo gida na tarar ba shi da Insert, ba shi da Alt na dama, ga maɓallan a manne da juna sumul kamar tayil. Ranar da batirinsa ya ƙare ina tsakiyar rubutu, na ɗauka kwamfutar ce ta sandare, har na kashe ta da ƙarfi na rasa aikin. Fitila ce ashe take ta ƙiftawa tun safe tana gargaɗi, ga wa oho.

Amma kada in yi masa rashin adalci. Irin wannan kibod yana da wurin da babu kamarsa, wato waya. TalkBack na Android da VoiceOver na iPhone duk suna karɓar umarni daga kibod, kuma wanda ya taɓa rubuta doguwar wasiƙa da lalube a kan gilashi ya san darajar maɓalli na gaske. Logitech K380, wanda kuɗinsa ke wajen dala 40, yana riƙe na'urori uku, F1 da F2 da F3 ke sauya tsakaninsu, kuma da ƙananan batura biyu na AAA yake aiki, irin na rimot, waɗanda kowane mai tireda ke sayarwa. Wannan ya fi mini wanda ake yi wa caji, domin ranar da babu wuta ba ka da abin yi da shi. Sai dai maɓallansa zagayayyu ne, babu gidan lambobi, kuma waɗancan F ɗin uku sai da Fn suke komawa aikinsu na asali.

Abubuwa biyu su zauna maka a rai. Kibod ɗin Bluetooth yana yin barci idan an bar shi, harafin farko da ka danna yakan tafi wajen tashinsa. Wanda kuma ke aiki da ɗan mitsitsin abin sokawa na USB, ranar da abin nan ya faɗi a cikin Keke Napep, neman sa da hannu sai wanda ya gwada.

Kibod mai injin maɓalli

Shi ne wanda kowane maɓalli yake da nasa makunni da sifirin a ƙasa, maimakon shimfiɗar roba guda. Kamfanin Cherry na Jamus yana ƙiyasta wa makunnansa dannawa miliyan 50 zuwa sama, na roba kuwa ba sa kusantar haka. Yatsa yana jin daidai lokacin da harafi ya shiga, ana cire kawunan maɓallan a share ƙura a mayar, kuma yawancinsu suna karɓar maɓallai shida ko fiye a tare, don haka matsalar Perky Duck ba ta taso ba. Mai kyau daga wajen dala 50 ne zuwa sama da 100.

Launin makunni yana da ma'ana. Shuɗi yana ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kuma ƙarar tana gasa da muryar manhaja a kunnenka, balle a ɗakin kwanan ɗalibai da tsakar dare. Ja yana nutsewa sumul ba tare da wani tudu ba. Ruwan ƙasa shi ne tsaka-tsaki, yatsa na jin tudun, kunne na hutawa, shi nake zaɓa. Hatsarin yana wajen saye. Yayin da ake yi yanzu na guntaye ne, an yanke gidan lambobi, wasu har da kibau da jerin F. Kasuwa kuma ta cika da masu fitilu da ake kira na wasan gem, alhali roba ce a ciki. Kyan ɗan maciji ke nan. Ka ce a cire maka kan maɓalli ɗaya ka taɓa abin da ke ƙasa.

Birel: na rubutu kaɗai da na rubutu da karatu

Tsarin ɗigo shida da Louis Braille ya wallafa a Faransa a 1829 ba baƙo ba ne a Filato. Makarantar makafi ta Gindiri, a ƙaramar hukumar Mangu, tana nan tun 1953, kuma duk wanda ya bi ta irin wannan makaranta hannunsa ya san allo da tsinke, ya san injin Perkins na buga birel da aka fara ƙerawa a 1951. Irin wannan mutum yana da zaɓin da wanda ya makance da girma ba shi da shi tukuna.

Mataki na farko kyauta ne. iPhone yana da rubutun birel a kan gilashi tun 2014, TalkBack ya samu nasa a 2020. Ka riƙe waya a kwance da hannu biyu, yatsu shida su zama ɗigo shida. Kafin ka kashe ko kwabo, gwada wannan na mako biyu.

Mataki na biyu shi ne ƙaramin kibod ɗin birel marar layin karatu. Orbit Writer ya fito a kan dala 99, yana shiga aljihu, yana haɗuwa da waya da kwamfuta, kuma da girgiza yake sanar da halinsa, alamar wanda ya ƙera shi ya san wa zai riƙe. Hable One na ƙasar Holan ya fi shi tsada kuma ya fi karkata ga waya. Amfaninsu shi ne waya tana cikin jaka, abin ji yana kunne, kana rubutu a cikin mota ba wanda ya ga wayar balle ya yi sha'awarta. A kwamfuta kuwa ba sa maye gurbin cikakken kibod, domin umarnin Windows irin Alt da Tab sai an haddace musu wasu haɗe-haɗe na daban.

Mataki na uku shi ne na'urar da ɗigoginta ke tasowa suna komawa, ta nuna maka layin da ke kan allo a ƙarƙashin yatsa. Wannan ba abin shigar da rubutu kaɗai ba ne, idon hannu ne. Da ita kake sanin yadda aka rubuta kalma, ba yadda aka furta ta kaɗai ba. Wanda ya saurari muryar Turanci tana karanta Hausa ya san irin kisan da take yi wa kalmomi. Da ita za ka karanta jawabi a gaban taro kunnuwanka a buɗe. NVDA tana da teburin birel na Larabci, ga mai bitar karatun addini, kuma littafi mai tsarki da a takarda yake cika kanta guda yana shiga katin ajiya ɗaya. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓi haɗaɗɗen tsarin birel na Turanci, UEB, don haka shi za ka zaɓa a saitin manhaja. Ga wanda ya haɗa larurar gani da ta ji kuwa, babu ma wata hanya sai ita.

Kuɗin ne ke sa mutum ya yi shiru. Focus 40 Blue, mai gurbi 40, wato wurin harafi 40 a layi, yana wajen dala 3,000. Mantis Q40, wanda ya haɗa kibod irin na laftof da layin birel mai gurbi 40, ya fito a 2020 a kan dala 2,495. Orbit Reader 20 an ƙera shi ne musamman don karya wannan farashi, ya fito a kan dala 449, daga baya ya hau. Gurbinsa 20 ne, ɗigoginsa suna da tauri da daɗin karantawa, yana karanta littafi daga katin ajiya ko babu kwamfuta, amma yana ɗan ƙara idan yana sauya layi, kuma ba shi da ƙananan maɓallan da ke saman kowane gurbi waɗanda ke kai ka kan harafi kai tsaye. Mai gyaran rubutu zai ji rashinsu.

Sannan ga ƙura. Kowane gurbi ƙananan ƙusoshi takwas ne masu motsi cikin ramuka. Hazo da man shafawa na hunturu idan suka haɗu, ɗigo ya fara maƙalewa, harafi ya koma wani harafi. Wanke hannu kafin taɓawa da rufe ta cikin jaka ba ƙa'idar ado ba ce. In ta lalace, mai gyaran waya na Terminus ba shi da kayanta, kasuwar Banex a Abuja ma ba wurinta ba ne. Kafin ka saya, ko kafin ka karɓa kyauta daga wata ƙungiya, ka tambaya: in ta samu matsala, wa zan kai wa, kuma wa zai biya kuɗin aikawa?

Murya da linzami

Magana da baki tana da daɗi ga gajeren saƙo. Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da Gboard, kibod ɗinsa na waya, ke rubutawa daga murya a 2024, kuma a Windows, maɓallin Windows da H yana buɗe rubutu da murya, sai dai yana son intanet kuma Turanci za ka yi masa. Ba ta da tsada, amma ka tuna duk abin da ta rubuta sai ka bi shi da kunne ka gyara da hannu, kuma ba za ka faɗi lambar sirrin banki a cikin mota ba. Ga wanda ciwo ya taɓa hannunsa tana da muhimmanci ƙwarai. Ga sauranmu ƙari ce.

Linzami kuwa, idan babu sauran gani ko kaɗan, kada ka saya. NVDA tana iya faɗin abin da ke ƙarƙashinsa, amma aikin lalube ne. Faifan taɓawa na laftof ma gara a kashe shi, domin gefen hannu na gogarsa sai ka ji ka koma wani wuri. Mac ne kaɗai ya bambanta, inda VoiceOver ke mai da faifan wurin ba da umarni da yatsu kamar a iPhone. Mai sauran gani da ke ƙara girman rubutu shi kam linzami na yi masa aiki.

Ga su a jere. Mai NVDA ko JAWS, Ctrl da Alt da kibau ne ke yawo da kai cikin teburin.

| Na'ura | Farashi | Ƙarko a Jos | Sauƙin koyo | Inda take ciwo |
|---|---|---|---|---|
| Kibod ɗin laftof | Babu ƙari | Matsakaici, gyara da wuya | Sai an saba da Fn | Tsari ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani |
| Cikakke mai igiya | Dala 10 zuwa 20 | Mai kyau, sauyawa ba wuya | Mafi sauƙi | Girma. Wasu ba sa karɓar maɓalli shida |
| Ƙarami na Bluetooth | Wajen dala 40 | Matsakaici | Haɗawar farko na son taimako | Batir, barci, ɓoyayyen Insert |
| Mai injin maɓalli | Dala 50 zuwa sama da 100 | Mafi daɗewa | Kamar mai igiya | Jabu, ƙara, guntaye |
| Kibod ɗin birel | Daga dala 99 | Mai kyau | Sai wanda ya iya birel | Bai isa aikin Windows shi kaɗai ba |
| Na'urar karanta birel | Ɗaruruwa zuwa wajen dala 3,000 | Tana tsoron ƙura | Sai wanda ya iya birel | Gyara da tsada |
| Murya | Kuɗin data | Ba abin lalacewa | Sauƙi | Kuskure, hayaniya, rashin sirri |

Ko wanne ka zaɓa, ka je shagon da kanka, kada a aika yaro. Ka tafi da NVDA a kan filash, tana tashi ba sai an girka ta ba. In ba ka da ita, Ctrl da Windows da Enter yana tayar da Narrator a kan Windows 10 da 11. Danna maɓallin manhaja da lamba 1, za ta shiga yanayin koyo inda duk abin da ka taɓa za ta faɗi sunansa ba tare da ta aikata shi ba. Ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan, shago na gaba yana da shi.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibar da ta shigo jami'a da laftof: ta koyi tsarin laftof don aji, ta ajiye cikakken kibod mai igiya a ɗaki don dogon rubutu. Ragowar kuɗin da yayanta ya tara su tafi ga abin ji mai kyau da batirin ajiye caji, sun fi mata amfani a zangon farko fiye da komai a teburin nan.

Ma'aikacin ofis da ke wuni yana bugawa, sakatare ko ɗan jarida ko mai harkar lissafi: cikakke mai injin maɓalli, ruwan ƙasa, mai igiya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Idan ofis ne zai saya, ya rubuta adadin maɓallan a takardar buƙata, 104 ko 105, in ba haka ba guntu mai fitila za a kawo masa.

Wanda duk harkarsa a waya take, ɗan kasuwa ko mai wa'azi ko mai sana'ar hannu: in ya iya birel, ya fara da na kan gilashi, in ya ga yana rubutu da yawa ya nemi Orbit Writer. In bai iya ba, ƙaramin Bluetooth mai batirin rimot.

Malamin makaranta, lauya, mai nazarin harshe ko mai rubuta manhaja, wanda harafi ɗaya ke iya ɓata masa aiki: na'urar karanta birel ta cancanci a yi mata tanadi ko a nemi tallafi, ta hannun ƙungiyar makafi ta ƙasa ko hukumar kula da masu buƙata ta musamman da aka kafa a 2020. Mai gurbi 20 ya isa karatu da ɗaukar bayani, mai 40 ne na gyaran rubutu. Kuma ko ya same ta, kada ya rabu da kibod ɗinsa.

Shi kuwa Baba da ya rasa gani da girma, 'ya'ya su yi haƙuri da zancen birel tukuna, kada a haɗa masa karatu biyu lokaci guda. A saya masa cikakken kibod mai igiya, a ɗiga masa man farce ko a manna ɗan salatif mai kauri a kan Insert da Tab da F4 da Delete, ban da gam mai ruwa da zai gangara ciki. A kunna masa yanayin koyo, a bar shi da shi rabin awa kullum bayan sallar Asuba, lokacin da gida yake shiru. Maɓallin farko da za a nuna masa shi ne Ctrl, wanda ke sa muryar ta yi shiru.